Allon da Ba a Hawa

Da hantsin ranar Laraba aka bugo waya ofis, aka ce an tsinci gawar wani saurayi a wata istiraha da ke bayan tashar motocin Kudai, a Makka. Insifekta Ma'aruf Hausawi ya ajiye kofin shayin da bai kurɓa ba, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Kofur Yunus ya tada mota.

Bai tambayi ko wane ne ba. Tun turmutsutsun Mina na bara, da ya wuni yana jera gawawwaki a gefen hanya har hannuwansa suka daina jin nauyi, mutuwa ta zame masa aiki kamar kowane aiki. Yana ci, yana salla, yana amsa gaisuwa, amma ransa ya daskare. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta zuba masa ido.

Istirahar wani fili ne mai katanga, irin wanda mutanen Makka ke haya don hutun ƙarshen mako, da ɗaki ɗaya dogo a gefe. Sai dai maimakon tabarmi da wurin gasa nama, wani ƙaton abu ne na katako ya cinye filin, kamar an tsaga duro gida biyu an kwantar da rabi. Samari na ce masa ramb. A kansa suke wasan sulu da allo mai tayoyi huɗu, su gangaro daga wannan leɓe su haye wancan, su tashi sama kamar waɗanda suka gaji da duniya.

Gawar na kwance a gindin gangaren, rana na dukanta, allo na kife a gefenta. Ma'aruf ya tsuguna ya juya fuskar. Uzair ne, ɗan Inna Zubaidatu, maƙwabciyarsu ta unguwar Zahir. Ranar sunan yaron nan shi ya riƙe ragon. Ya tsaya ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Babu abin da ya motsa, sai ya ce wa Yunus ya ɗauki hotuna.

Wanda ya bugo wayar yana tsaye a inuwa cikin farar jallabiya, idanunsa jajur. Hashimu ke nan, mai wurin, mai shagon kayan gyaran mota a Kudai, mutumin da duk Hausawan Makka suka sani da hannun kyauta. Shi ya sa kafintoci suka gina gangaren, kuma bai taɓa hana wani yaro hawa ba.

"Kai ka same shi?"

"Ni ne, Insifekta. Jiya tun azahar ina Jidda, can na kwana. Na shigo da safen nan na gan shi haka. Inna lillahi."

"Ta ina ya shigo?"

"Manyan yaran kowa na da mabuɗin ƙofar waje. Na ɗakin can ne kawai ba na ba kowa."

"Me ke ɗakin?"

"Tsofaffin alluna ne da nake tarawa. Ba na hawa ba ne."

Ma'aruf ya taka katakon gangaren, ya ji tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalminsa. A 'yan shekarun nan ana ta fasa duwatsun Kudai don gina otal-otal, kullum garin dutse na sauka a kan komai. Ga tsintsiya mai dogon hannu jingine da katanga, ita ma ta yi fari fat.

"Ba kwa share wurin?"

"Ai ita ce dokata ta farko, ba a hawa sai an share," in ji Hashimu. "Tayoyin nan ƙanana ne, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da su, mutum ya wuce shi kaɗai. Gaggawa ya yi, Allah yarhamu. Na sha faɗa masa."

Bayanin ya zauna daram. Abu ɗaya ne bai zauna ba. Ma'aruf ya bi katakon da kallo daga leɓe zuwa leɓe, bai ga sawun taya ko ɗaya a cikin ƙurar ba. Ya sa aka ɗauki gawar zuwa asibiti.

Kafin ya isa Zahir labari ya riga shi. Mata sun cika gidan Inna Zubaidatu, maza sun jera kujeru a ƙofa. Aka yi masa iso, ya tsaya a bakin falo. Tsohuwar na zaune a ƙasa, ba ta kuka, hannuwanta na kan cinyarta.

"Ma'aruf, an ce kai ka ɗauke min shi."

"Ni ne, Inna. Sai likita ya duba."

"Ya duba me? Alhaji Hashimu ya zo, ya ce faɗowa ya yi daga abin wasansu. Ƙaddara ce, na karɓa. A garin nan gawa ba ta kwana, ka sani. Wanda ya rasu da safe, azahar ana sallarsa a Harami."

"Na sani, Inna."

"Ka sa min yaro a firji kamar nama."

Wata mata ta ja tsaki a bayan labule.

"Ɗayyib, shi ke nan," in ji Inna Zubaidatu. "Na ba ka yau, na ba ka gobe. Jibi Juma'a. Ina so a yi wa ɗana salla a Harami bayan Juma'a, da jama'ar Juma'a. Ban taɓa roƙonka komai ba, ɗan nan, ko lokacin da uwarka ke barinka a ɗakina. Wannan nake roƙo."

"In sha Allahu."

Da zai fita ya sunkuya yana saka takalminsa, sai idonsa ya faɗa kan jerin takalman Uzair a bayan ƙofa. Duk gefensu ya goge, kuma babu ko ɗaya da aka ɗaure igiyarsa a sama. Kowanne an cusa igiyar ciki. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa falon.

"Inna, haka yake barin igiyoyinsa?"

"Haka yake tun yana ƙarami. Ya ce samfefar da ke kan allon tana cinye igiya, kuma in ta kwance ta shiga taya sai ta kada shi. Na yi faɗa na gaji." Ta dube shi. "Yanzu takalmi kake tambayata?"

Ya ajiye takalmin. A cikin mota ya karɓi wayar Yunus ya buɗe hotunan. Takalman da ke ƙafar gawar an ɗaure su tsaf, ɗaurin malam-buɗe-littafi, irin wanda ake yi wa ɗan makaranta.

Washegari da safe likitan asibitin, wani Bamasare mai yawan shan sigari, ya janye mayafin ya nuna masa da bakin alƙalami.

"Dubi tafin hannunsa. Dubi gwiwarsa da gwiwar hannu. Tsofaffin tabo kamar taswira, amma sabon ciwo babu. Wanda ya faɗo daga sama yana kare kansa da wani abu."

"To me ya kashe shi?"

"Bugu ɗaya, a nan gefen kai. Ka ga shatin? Kusurwa shida, kan noti ne. Akwai tsatsa a cikin raunin. Tun yammacin Talata ya rasu, kafin magariba."

"Notin allonsa?"

"Na gwada wanda kuka kawo. Notinsa sabo ne, yana sheƙi, kuma bai kai girman shatin ba." Likitan ya ɗaga wata leda. "Ga safarsa. Ƙasanta baƙi ƙirin da ƙura, alhali ƙafar na cikin takalmi. Wannan kuma aikinka ne."

"Zan iya sakin gawar?"

"In ka rubuta hatsari, yau ma su ɗauka. In ka rubuta kisa, sai an kawo abin da aka buge shi da shi na gwada a kan raunin. In aka binne shi, shi ke nan."

Ma'aruf ya tsaya kallon fuskar Uzair. Sanyi ya sa ta yi toka-toka. Ya ja mayafin ya rufe ta da kansa, ya fita.

Da azahar dattawan unguwa suka cika masa ofis. Su biyar ne ko shida, har da limamin masallacinsu, Hashimu a gaba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a, sannan aka shiga magana. Jinkirta gawa ba kyau. Uwa ta yafe, ba ta tuhumar kowa. Alhaji Hashimu ya riga ya sayi likkafani, ya shirya motar ɗaukar gawa. Shi Ma'aruf ai ɗan gida ne, bai kamata a ce ɗan gida ne ya hana ɗan gida kwanciya ba.

Ma'aruf ya saurare su kamar mai sauraron rediyon maƙwabta. Da suka gama ya ce, "Ba faɗowa ya yi ba. Buge shi aka yi."

Liman ya fara salati. Hashimu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wallahi ban so in faɗa ba," in ji shi a hankali. "Amma tunda haka ne. Akwai Nuru, yaron shagona. Su biyun nan kullum cikin gasa suke a kan ramb, wa ya fi wa tashi sama. Satin da ya wuce har sun yi cacar baki. Ni dai ban ce komai ba."

Mai cewa bai ce komai ba ya riga ya ce. Ma'aruf ya lura da saurin da mutumin ya sauka daga kan hatsari ya hau kan Nuru, ya ajiye wannan a ransa, ya raka dattawa har ƙofa.

Aka kawo Nuru bayan la'asar. Dogo ne siriri, ɗan shekara ashirin da wani abu, hannuwansa baƙi da man inji. Tun kafin ya zauna gumi ya jiƙa masa riga.

"Yaushe rabonka da Uzair?"

"Ranar Litinin, yallaɓai."

"Ba Talata ba?"

"Wallahil azim Litinin."

"Mai sayar da shayin bakin tashar ya ga babur ɗinka ranar Talata bayan la'asar, da mutum a baya. Ya ce har kun tsaya kun sayi ruwa."

Nuru ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa ko zurfin gwiwa bai kai ba.

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Yallaɓai, ba ni da iƙama, takardar izinin zama. A nan aka haife ni, ban taɓa ganin Najeriya ba, amma takardata ta mutu tun rasuwar babana. In na shiga maganar 'yan sanda, ka san inda za a kai ni. Ammi Hashimu, wato Baffa Hashimu, shi ne ya ce zai gyara min, ya ce in yi shiru kada in jawo wa kaina."

"Yaushe ya ce ka yi shiru?"

"Jiya da safe."

"Ba takardarka nake bincike ba. Ka kai shi, sai me?"

"Na sauke shi a ƙofa, na koma shago. Shi ke nan, wallahi."

"Kun yi faɗa satin da ya wuce?"

"Faɗan wasa ne. Na ce na fi shi tashi, ya ce in je in koyi faɗuwa tukuna. Uzair fa shi ya koya mana faɗuwa, yallaɓai. Kafin ya bar ka ka hau, sai ka wuni kana zamewa a kan gwiwa. Mutumin da ya iya faɗuwa haka ba ya mutuwa a kan ramb."

"Da ka sauke shi, ka leƙa ciki?"

"Ƙofar waje a buɗe take. Na hango ƙofar ɗakin alluna ita ma a buɗe, da takalma a bakinta."

"Wa ke da mabuɗin ɗakin?"

"Ammi kaɗai, yallaɓai."

"Me Uzair zai yi a ɗakin?"

"Shi kaɗai Ammi ke bari ya shiga ya sha shayi, don ya fi mu iyawa. Kullum yana tsokanarsa a kan Amarya."

"Wace ce Amarya?"

"Allo ne. Mu muka sa masa suna, don tun da aka ƙera shi, shekaru sun fi talatin, tayarsa ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ko ƙurarsa Ammi da burushin fenti yake sharewa. Uzair yana cewa allo don hawa aka yi shi, ajiye shi a bango zalunci ne. Yana cewa wata rana sai ya kai Amarya ɗakinta. Wasa yake yi, yallaɓai. Uzair komai wasa ne a wurinsa."

Ma'aruf ya sallame shi. Samun izinin binciken ɗakin ya ci sauran yammacin, bai fito ba sai da safiyar Juma'a, lokacin da rana ta riga ta ɗaga. Ya san abin da hakan ke nufi ga Inna Zubaidatu. Ya san ya kamata abin ya dame shi, ya kuma san bai dame shi yadda ya kamata ba. Ya kira Hashimu ya ce su haɗu a istiraha.

Suka cire takalma a bakin ƙofa, ban da Ma'aruf. Hashimu ya kalli takalman Ma'aruf, ya kau da kai.

Ɗakin na da sanyi kamar asibiti, an rufe tagogi da labule mai kauri. Alluna ne jere a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, masu faɗi da sirara, wasu da zanen ƙwarangwal, wasu da na wuta, wasu launinsu ya koɗe. Kowanne na kan maƙalinsa da aka naɗe da yadi mai laushi. Da Hashimu ya fara bayani sai muryarsa ta sake, kamar ya manta abin da ya kawo su. Wannan daga wani tsohon ma'aikacin kamfanin mai ya saye shi. Wancan wani ɗalibi ya ɗauko masa daga Amurka a cikin bargo. Wancan tayoyinsa ma ba roba ba ne.

"Wanne ne Amarya?"

"Yara da surutu. Ga shi can."

Shi kaɗai ne a bangon gabas. Allo mai faɗi, ja, da zanen wata macijiya ta naɗe shi tun daga kai har wutsiya. Ma'aruf ya matsa kusa, ya ji warin maganin wanke rauni a ƙarƙashin ƙamshin turaren ɗakin.

"Ka ce bai taɓa taka ƙasa ba?"

"Bai taɓa ba."

Ma'aruf ya miƙa yatsa ya juya tayar allon da ke bangon gefe. Ta juya shiru. Ya juya ta wani, ita ma shiru. Ya dawo ya sa yatsa a tayar Amarya.

"Don Allah kada ka taɓa."

Ya juya ta. Ƙarar yashi ta fito daga cikinta, ƙaras-ƙaras, irin ƙarar garin dutsen da ke waje.

"Allon da bai taɓa taka ƙasa ba, ina ya samo yashi?"

"Ƙura na shiga ko'ina a garin nan."

"Ta shiga wannan ta bar sauran?"

Ya kama allon da hannu biyu ya sauke shi. Hashimu ya yi wata ƙara a maƙogwaro. A ƙasan wutsiyar akwai sabon gogewa, tsawon ɗan yatsa, inda jan fentin ya tafi, farin katako ya fito. Notin da ke riƙe tayar gaba babba ne, mai kusurwa shida. Sauran ukun tsatsa ta rufe su, wannan kuwa an goge shi har yana haske.

"Ina ka kwana ranar Talata?"

"Na faɗa maka, Jidda."

"Ɗakin nan a buɗe yake ranar Talata bayan la'asar. Wa ka ba mabuɗi?"

"Nuru maƙaryaci ne. Yaron da ko takarda ba shi da ita."

"Ban ce Nuru ne ya faɗa ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma Hashimu ya daure, ya harɗe hannuwa ya tsaya a kan bakansa. Ya ce gogewar tsohuwa ce. Ya ce shi yake goge notoci lokaci-lokaci. Ya ce a kira masa lauya.

Ma'aruf bai yi gardama ba. Ya ajiye allon a ƙasa, a kan tayoyinsa, ya ɗaga ƙafarsa ta dama da takalmin aikinsa mai nauyi, ya kai ta saitin tsakiyarsa.

"Tunda allo ne kawai, bari in ji yadda ake ji."

"A'a!"

Hashimu ya yi tsalle ya bangaje shi, ya faɗi a kan gwiwa ya rungume allon a ƙirjinsa. Yunus ya yi kansa, Ma'aruf ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Mutumin na durƙushe yana haki, jijiyar wuyansa ta tashi, idanunsa kamar ba nasa ba.

"Haka ka yi masa?" in ji Ma'aruf.

Sannan Hashimu ya fara magana, yana kallon allon, ba ya kallon kowa.

"Babana direba ne a gidajen Turawa a Jidda. Ina yaro, nakan tsaya a bayan waya ina kallon 'ya'yansu suna hawa. Akwai mai irin wannan, ja, da macijiya. Sau ɗaya na miƙa hannu ta cikin wayar na taɓa, mai gadi ya tsinka min mari. Na girma ina nemansa. Da na samu, sabo ne fil, ba wanda ya taɓa hawa. Ka gane? Ba wanda ya taɓa."

"Ranar Talata fa?" in ji Ma'aruf.

"Na zuba masa shayi, na shiga in yi alwala. Ina ciki na ji ƙarar taya a kan siminti. Na fito na gan shi a tsakar fili, da safa a ƙafa, yana kan allon. Yana dariya. Ya danna wutsiyar ƙasa ya juya, na ji fentin yana tafiya. Ya sauko ya miƙo min da hannu biyu, ya ce, Ammi, ka ga, bai mutu ba, yana ma godiya. Na karɓa. Ban san na ɗaga ba. Sau ɗaya ne, wallahi sau ɗaya ne."

"Sai ka ja shi gindin gangare."

"Na saka masa takalmansa, na ajiye allonsa a gefe. Na ce za a ce faɗowa ya yi, a binne shi washegari, kowa ya huta."

"Ya mutu nan take?"

"Yana numfashi kaɗan-kaɗan."

"Ka kira asibiti?"

"Na shigo in goge jinin kafin ya kama katakon. Jini na ɓata fenti. Da na fita, ya daina."

Yunus ya juya fuskarsa bango. Ma'aruf dai ya ci gaba da tambaya da muryar da yake tambayar ɓarawon waya.

"Kana da kwana uku. Ga kwandunan shara, ga teku a Jidda. Me ya hana ka jefar da shi?"

Hashimu ya ɗago ya dube shi da mamaki na gaskiya, kamar an tambaye shi me ya hana shi yanke hannunsa.

"In jefar da shi?"

Da ƙyar Yunus ya ɓamɓare allon daga ƙirjinsa, ya sa masa ankwa. Suka fito fili. Rana ta take, daga nesa ana jin lasifikokin masallatai sun fara kiran farko. Ko da gudu aka tafi asibiti yanzu, kafin likita ya gwada noti, a yi wanka, a sa likkafani, an idar da Juma'a an watse.

A bakin ƙofar waje wata tasi na tsaye. Inna Zubaidatu ce ta fito daga ciki, cikin baƙar abaya, tana dafa katanga. An ce mata Ma'aruf na nan tare da Alhaji Hashimu, ta zo ne ita da Alhajin su haɗu su roƙi Ma'aruf karo na ƙarshe. Ta ga ankwa a hannun mutumin da ya sayi likkafanin ɗanta, ta tsaya cak.

Hashimu bai ma lura da ita ba. Idonsa na kan Yunus, wanda ya buɗe bayan mota zai jefa allon.

"Kofur, don Allah, ba ta gefen zanen ba. Juya shi. Kuma rana na cin launi, ka samu wani abu ka lulluɓe shi. Akwai bargo a ɗaki, mai laushi, don girman Allah."

Tsohuwar ta tako a hankali har bayan motar. Ta kalli jan allon, ta kalli gindin gangaren inda aka zana shatin gawa da alli, fili fetal, babu ko inuwa. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba.

"Alhaji," in ji ta. Muryarta ko rawa ba ta yi. "Shi Uzair, da ka kwantar da shi a can, ka lulluɓe shi?"

Hashimu ya dube ta sannan. Yunus ya dafa kansa ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa, suka tafi.

Ma'aruf ya tsaya a gabanta, hularsa a hannu.

"Inna, Juma'a ta wuce mu. Sai dai la'asar."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta gyara mayafinta.

"Kai ni wurin ɗana."

Ya buɗe mata ƙofar tasin, ya zagaya ya shiga gaba, ya faɗa wa direba sunan asibitin.